Baƙon Da Na Kasa Karewa

Tungar Ɗangana, ta Wara.

Zuwa ga Yayana Jacob,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, da iyali da jama'ar cocin da kake kiwo. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Waya ba ta shiga garinmu yanzu, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Na san ka ji labarin jirgin ruwan da ya kife da masu dawowa daga kasuwa. Shekaranjiya da hantsi wani mutum ya tsaya a ƙofar gidanmu, ƙafafunsa duk laka da tsaga. Da na gan shi sai na tuna wa'azin da ka yi mana kan yadda mutanen zamanin annabawa suke karɓar baƙo: a ba shi ruwa ya wanke ƙafa, a ciyar da shi kafin a tambayi sunansa, kuma idan ya shiga inuwar gidanka, ransa yana wuyanka. Matata Christiana ta kawo ruwa a kwano, ta zuba masa tuwon shinkafa da miyar kifi. Sai da ya ci na tambaye shi.

Sunansa Bilyaminu, masunci ne daga wajen Yelwa. Matarsa Suwaiba tana cikin jirgin nan, ba a gan ta ba. Bakin ruwa yake bi da ƙafa, gari zuwa gari, yana leƙa cikin ciyayi. Ya ce shuɗin zane ta ɗaura, da awarwaron azurfa a hannun hagu. Duk inda ya je ba a ba shi masauki, domin ka san tun da 'yan bindiga suka fara turo 'yan leƙen asiri, garuruwanmu suka hana saukar da baƙon da ba a sani ba.

Na sa shi a ɗakin baƙin da ka gina kusa da zaure, na shimfiɗa masa tabarmar salla, na nuna masa gabas. Yau mai gari ya aiko a gaya mini ya ji labari. Ka sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Tanimu.

Zuwa ga Yayana Jacob,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Yaya, sun tafi da shi.

Jiya da safe 'yan banga suka zo, mutanen gari na biye da su. Ba baƙi ba ne, Yaya. Har da Andrew da muke zama benci ɗaya a coci, wanda aka kashe masa wa a gona bara. Na tsaya a bakin zaure na ce mutumin nan baƙona ne, ya ci abincina, duk mai son taɓa shi ya fara da ni. Andrew ya dube ni ido jawur, ya ce wanda ya nuna wa 'yan bindiga gonar wansa ma sai da ya sha ruwa a gidansu. Ba ƙarya ya yi ba.

Wani ya ce in ban kauce ba za a sa wa rumbuna wuta. Inna tana kuka a ciki. Ina nan tsaye, sai Bilyaminu da kansa ya fito ta bayana, ya dafa kafaɗata ya ce, "Mai gida, ka isar. Bar su." Suka ɗaure masa hannu, suka ɗora shi a babur zuwa Wara. Abu ɗaya ya roƙe ni, in riƙa duba masa bakin ruwa.

Na bi su har Wara, aka ce sai an gama bincike, ba a bar ni na gan shi ba. Ka faɗa mana abin da mutanen dā suke yi, amma ba ka faɗa mana yadda mutum ɗaya zai yi da gari guda ba. Ba laifinka nake gani ba, rasa wanda zan tambaya na yi.

Ƙaninka,
Tanimu.

Zuwa ga Yayana Jacob,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Amsarka ba ta iso ba tukuna.

Washegarin ranar da aka tafi da Bilyaminu, ruwa ya kawo Suwaiba. Mata masu wanki ne suka gan ta maƙale a ciyayi, ƙasa da mashayarmu kaɗan. Christiana ta gane zanen da awarwaron. Na aika Wara, ba a sake shi ba, gawar kuma ba ta iya jira. Matan masunta Musulmi na garinmu suka yi mata wanka, limaminsu ya yi mata salla, aka rufe ta a maƙabartarsu. Mu Kirista muka tsaya daga gefe. Andrew ma ya zo, shi ya fi kowa haƙa kabarin.

Sai ranar Laraba aka sako Bilyaminu, bayan danginsa sun zo daga Yelwa sun shaide shi. Na kai shi kabarin, na ba shi awarwaron. Ya daɗe a durƙushe. Ya tambaye ni ko an fuskantar da ita alƙibla, na ce an yi. Ya tambaya ko ta daɗe a wurin kafin a gan ta, na ce ban sani ba. Ya ce da an bar shi kwana ɗaya tak, da shi zai ɗauke ta da hannunsa.

Na roƙe shi ya zo gida ya ci abinci. Ya gode, ya ce ba zai sake jawo mini fitina ba. Ya shiga kwalekwalen 'yan'uwansa, na tsaya a gaɓa har na daina hango su.

Yaya, ranar Lahadi ni aka ba jawabi a coci, Andrew kuma zai zauna a gabana. Na zauna in shirya, kaina ya ƙi kawo komai. In da hali ka zo. Inna da Christiana suna gaishe ku.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Tanimu.