Nato a Ƙarƙashin Tabarma

Otara, Auckland
24 ga Janairu, 2000

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da dukan mutanen gida a tsibirin Savai'i, can Samoa. Yaya ƙirjin naka? Ina fatan kana shan maganin kullum kamar yadda likita ya ce, ba sai ranar da ka ga dama ba. Mu nan jiki lafiya, hankali ne dai ba a kwance ba.

Gara ka ji daga bakina kafin matan coci su kawo maka da ƙarin gishiri. Maganar ɗan autanka ce, Pelenato, wanda duk garin nan yanzu ke kira Nato.

Na daɗe ina ɓoye maka rabin halinsa. Yaron nan da kake tinƙaho da muryarsa a ƙungiyar mawaƙan coci, shekara goma ke nan yana ihu a kan dandamali. Rap da metal suke haɗawa, gita tana ƙugi kamar injin niƙa, shi kuma yana zuba magana ba numfashi. Na je sau ɗaya, kwana biyu kunnena yana amo. Amma ba zan ɓoye ba, da na ga dubban yara suna amsa masa, sai da ƙwalla ta zo mini. Waƙoƙin nasa kuwa babu wanda suka bari. Ya zagi 'yan sanda, ya zagi masu hayar gidaje, ya yi wa fastoci da dikinoni tas, ya ce masu fararen kwat sun koya mana durƙuso sun hana mu miƙewa. Gidajen rediyo biyu sun daina sa shi, shi kuwa har biki ya yi. Ni ce ke shan kallo a coci kowace Lahadi.

Duk wannan na iya da shi. Abin da ya faru ran Asabar ne ya fi ƙarfina. Sun yi wasa a fili da rana tsaka. Ka san suna da wata ɗabi'a ta faɗawa cikin taro a tare su da hannuwa. Nato bai tsaya a bakin dandamali ba, sai da ya hau can saman tulin lasifika ya diro. Ka kuwa san jikinsa, buhu biyu na gwaza ba su kai shi ba. Mutane suka dare, ya sauka a kan mutum ɗaya. Ya miƙe, ya koma ya ƙarasa waƙarsa. Ya rantse mini bai san abin da ya yi ba sai da ya ga motar asibiti.

Baba, Ioelu ne, ɗan Dikin Manase na cocinmu, kafintan nan mai kunya da ya gyara mini ƙofar kicin. A ɓoye yake son waƙar Nato, ya je ba da sanin ubansa ba. Wuyansa ya karye. Likitoci sun ce zai rayu, amma daga kafaɗa zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Ka sa mu a addu'a. Kada ka ɗaga hankalinka, zan riƙa sanar da kai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Apaula


Otara, 6 ga Maris, 2000

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ruwan saman bana bai ɓata muku gona ba. Saƙonka ya iso ta hannun matar malamin makaranta, da wasiƙar da tabarmar nan da muka gāda. Da na warware ta na ga jan gashin tsuntsun da Kaka ta jera a bakinta, sai na zauna a ƙasa na yi kuka.

Na karanta abin da ka ce, kuma gaskiyarka ce: dole a yi ifoga, roƙon gafara irin na al'adarmu. Dole wani daga gidanmu ya zauna a ƙofar Dikin Manase, kai a sunkuye, tabarma a lulluɓe, har sai sun ga dama sun ɗaga. Amma maganar da ka ƙara, cewa in Nato ya ƙi kai za ka hau jirgi ka zo ka zauna da kanka, ita ce ta hana ni cin abinci. Mutumin da ba ya iya hawa matakalar coci sai ya huta sau biyu, shi zai yini a rana a ƙarƙashin tabarma? Wallahi gawarka za su ɗaga.

Na je wurin Nato. Kamfanin da ke fitar da faifansa ya haɗa shi da wata lauya, mace mai siririyar murya, ta ja masa kunne: kada ya je asibiti, kada ya aika ko fure, kada kalmar haƙuri ta fito daga bakinsa, don kotu za ta ɗauke ta a matsayin amsa laifi. Sun shirya masa zagayen wasa a Amurka ƙarshen Mayu, abin da ya yi shekara goma yana mafarki. In ya zauna a ƙofar nan, sun ce su da shi haihata-haihata. Na yi wa matar bayanin al'adarmu, ta ce abin sha'awa ne, ko za a iya ɗaga shi zuwa bayan shari'a. Kamar ranar wanki.

Shi kuwa gogan sai cika yake yana batsewa. Da na ambaci itace da duwatsun gashi da za mu ajiye a gabanmu, alamar mun ba da kanmu a yi yadda aka so da mu, ya ce:

"Yaya, ni ba alade ba ne da zan kai kaina a gasa. Shekara goma ina gaya wa mutanen nan su daina durƙusa wa masu kwat, yau ni zan je in durƙusa wa dikin?"

Na ce, "Ba kwat za ka durƙusa wa ba, marar kunya, wuyan da ka karya ne."

Ya rame, Baba, idanunsa sun faɗa. Na gaya masa abin da ka ce za ka yi, ya juya mini baya yana taɓa igiyar gita. Na fito ina jin kamar in koma in mare shi, ina kuma jin kamar in goya shi irin na dā.

Yayyen Ioelu uku sun fara wucewa ta ƙofar gidana a mota, a hankali, ba sa cewa komai. A coci an bar mini benci guda ni kaɗai. Baffa Leota, babban danginmu a nan, ya tsayar da ranar ifoga, Asabar ta biyu kafin bikin Ista. Ina roƙonka don Allah, kada ka sayi tikiti sai ka ji daga gare ni.

Taka,
Apaula


Otara, 17 ga Afrilu, 2000

Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka ajiye akwatinka. An yi, kuma ba kai za ka zauna ba.

Mun fita da asuba a mota biyu, mu goma sha huɗu, babu Nato. Sau shida na buga masa waya ran Juma'a bai ɗauka ba. Muka jera itacen da duwatsun a kan ciyawar ƙofar Dikin, muka zazzauna. Baffa Leota, da gwiwarsa mai ciwo, ya warware tabarmar zai rufa wa kansa, sai ga tasi ta tsaya. Nato ya fito ba takalmi, ba sarƙoƙin nan nasa, da baƙin zane a ƙugu, ya ɗaura shi a karkace kamar baƙo. Bai dubi kowa ba. Ya karɓi tabarmar daga hannun Baffa, ya zauna, ya ja ta kansa. Ƙafafunsa sun yi mata tsawo.

Gari ya waye, rana ta fito, ba a buɗe ƙofa ba. Wani Bature maƙwabci ya kira 'yan sanda, wai ga wasu mutane da itace. Wanda ya zo ɗan Samoa ne. Ya dube mu, ya cire hularsa, ya koma motarsa. Wajen hantsi yayyen suka fito suka tsaya a kanmu, hannu a harɗe. Babbansu ya tofar da yawu dab da ƙafar Nato. Ban san lokacin da na fara karanta addu'ar Ubangiji ba. Wani mai ɗaukar hoto kuma ya laɓe a tsallaken titi, da na sami dutse kusa da ba na gashi ba da ya sha shi.

Azahar ta wuce. Ina ganin tabarmar tana rawa, ban sani ba ko kuka yake ko jiri. Sau biyu labule ya motsa, na hangi Dikin, bai fito ba. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da aka zaga a waƙa, aka kuma karya masa ɗa.

Wajen ƙarfe uku ƙofa ta buɗe. Ba Dikin ba ne, ba kuma mai jawabin gidansu ba, matarsa ce, Inna Fua, da rigar aikin gida. Baffa ya buɗe baki zai fara jawabin da ya yi mako yana shiryawa, ta ɗaga masa hannu. Ta tsaya a gaban tabarmar, ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Wata mai zuwa za a sallamo Ioelu daga asibiti. Ubansa ba ya iya ɗaga shi, yayyensa suna fita aiki tun asuba. Kai da ke da nauyin faɗa wa mutum, kana da ƙarfin ɗaga shi?"

Daga ƙarƙashi muka ji, "Ina da shi, Inna."

"Kullum nake nufi. Wanka, bayan gida, juya shi a gado. Ba wata Amurka."

Sannan ya ce, "Na ji."

Ta sunkuya ta yaye tabarmar, ta naɗe ta a hammata. Sai a lokacin Dikin ya fito, aka shigar da mu, aka yi jawabai da addu'a, aka ci abinci yadda aka saba. Yayyen sun ba Nato hannu ba tare da sun dubi fuskarsa ba.

Ka huta, Baba, ka sha maganinka.

'Yarka,
Apaula


Otara, 5 ga Yuni, 2000

Babana,

Ina gaishe ka, ina kuma murna da jin ka koma zuwa coci da ƙafarka. Mu nan sanyi ya shigo, amma muna lafiya.

Ka tambaye ni ko komai ya daidaita. Ba zan yi maka ƙarya ba. Hoton ya fito a jarida, kamfanin ya sallame shi da takarda mai layi uku. Abokan kiɗansa sun tafi Amurka da wani mawaƙin. Masoyansa na dā suna kiransa matsoraci, wasu kuma suna cewa wasan kwaikwayo ya yi don ya tsira. Shari'a tana nan tafe. Ya dawo gidana da zama, ko a banɗaki ba na jin yana waƙa. Na tambaye shi ko yana da-na-sani, ya ce bai sani ba tukuna.

Kullum ƙarfe shida na safe yana gidan Dikin. Ya ɗauko Ioelu daga gado, ya yi masa wanka, ya aske masa gemu, ya zaunar da shi a keke. Mako uku cur Ioelu bai ce masa uffan ba, bango yake kallo.

Jiya Nato ya dawo ya zauna a kicin, na zuba masa gwaza da madarar kwakwa, bai taɓa ba. Can ya ce mini Ioelu ya yi magana. Yana zuba masa ruwa a wuya, wurin da yake ji, sai Ioelu ya ce, "Ruwan ya yi zafi." Shi ke nan. Sau uku Nato ya maimaita mini kalmomin nan. Ban sani ba, Baba, ko mafarin yafiya ne, ko kuwa iyakar abin da zai samu ke nan. Yau tun biyar da rabi ya fita.

Ka gaishe mini da kowa da kowa. Ubangiji ya riƙe mana kai.

'Yarka har kullum,
Apaula