Rabin Sa'ar Tsibirinmu

Lahadi, 5 ga Oktoba

Da safe na tura agogon kicin gaba zuwa lokacin bazara, kamar kowace shekara. Da na zauna aiki sai sabar, babbar kwamfutar ɗakina, ta ƙi buɗe rumbun bayanai. Direba, manhajar da ke haɗa su, ya ce haɗin ba zai yiwu ba. A rumbun nan ƙidayar tsuntsayen tsibirinmu na Lord Howe take, wadda nake riƙewa tun gashina yana baƙi. Ban taɓa komai ba.

Litinin, 6 ga Oktoba

Noeline, shugabar ƙungiyarmu ta masu ƙidaya, ta jingine kekenta a shingena, da kwandon lemo a hannu. "Glenys, idan bai tashi kafin taron Asabar ba, wani kamfani a Sydney za mu miƙa wa. Ki huta mana haka." Na shaida mata cewa wadda ta koyar da lissafi a jami'a ba a sallamarta da kwandon lemo.

Lemon dai na karɓa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na sake girka direban. Kalmar sirri daidai, wayoyi daidai. Har yanzu ya ƙi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na kira Thelma a Newcastle, abokiyar aikina ta dā, wadda muka daina gaisawa a kan wata gardama da ba na ma iya tunawa.

Ta ce, "Uwar girman kai, ashe kina raye?"

"Ina jiran ki riga ni."

Ta sa na karanta mata ƙorafin direban har ƙarshe, ba layin farko kaɗai ba. Ta yi dariya har da tari. "Lokacinku ne bai gane ba. Mu awa guda muke tura agogo gaba, ku kun tsaya ciniki a kan rabi."

Gaskiyarta. A watan Yuli na girka sabon direban, bai taɓa haɗuwa da agogonmu na bazara ba. Na rubuta masa cikakken sunan yankin lokacinmu a layin haɗi. Nan take tsuntsayena suka cika allo. Ni ce na gane wurin da za a rubuta, kuma na faɗa mata hakan. Ta ce, "Allah ya bar mu da halinki."

Asabar, 11 ga Oktoba

Sabar za ta ci gaba da zama a ɗakina. Na ba Noeline izinin zuwa ranakun Talata ta ga yadda nake aikin. Amfanin ƙungiya ne, ba nawa ba.

Thelma za ta kira gobe da la'asar. Daga yanzu har Afrilu agogona da nata ɗaya ne, rabin sa'ar da tsibirinmu ke gaba da su ta shafe. Na jawo kujera kusa da wayar, saboda wurin ya fi haske.