Igiyar Roba a Ƙafar Gadon Baba

Laraba, bayan isha'i. Kalakla.

Tun da hannun Baba na dama ya shanye ya daina fita cin abinci da maƙwabta a ƙofar gida. Ya ce ba zai sa hagu a siniyar mutane, tiren da ake ci tare, ba. Likitar gashin ƙashi a Umdurman ta ce a nemo masa ƙatuwar ƙwallon motsa jiki da igiyar roba ta ja, na sayo. Ƙwallon dai ya rantse ba zai hau ba, tana can bayan randa.

Na ɗauka igiyar ma haka ne. Yau da la'asar na dawo aiki na tarar ya ɗaure ta a ƙafar angareb, gadonsa na saƙar igiya, yana ja, kowane ja da Subhanallahi, tunda yatsun sun kasa riƙe carbi.

"Ke Zainabu, me kike kallo? Lazimi nake."

"To, Baba."

Da dare ya ci tuwon asida da hannun dama. Rabin miyar a jallabiyarsa ta ƙare. Na karɓa na jiƙa a bokiti. Har na kai ƙofa ya ce in goge masa farar, gobe a waje zai ci.