Kukan da Na Yi Musu a Bidiyo

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, ina nan ina yi wa mawaƙa gugar kaya, sai dai ciwon baya.

Za ki gan ni a bidiyon wata waƙa. Ka'idarsu ce, bayan rawa da motoci sai a nuno uwa tana kuka, kyamara dab da fuskarta, ana fesa ruwan tiyo a taga kamar ruwan sama. Wadda za ta fito ba ta zo ba. Darakta ya ce, "Mama, zauna, tuna wani da kika rasa." Na tuna Autana. Suka tafa, suka ce in sake. Yaya, na sake.

Don Allah kada Inna ta gani. Ta san kukan nan.

Ƙanwarki.