Yaya Habu, Cacar Waya Ta Kai Ka Bawku

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Habu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a can Bawku, ƙanwarka Memunatu ce. Tunda ba ka ɗaga wayata, na rubuta a nan intanet inda kowa ke gani, ko Allah zai sa wani ya nuna maka.

Jiya na bi ta unguwar Dichemso, na wuce tsohon shagonka na ɗinki. Mai aski ne a ciki yanzu. Na tsaya ina kallo har yaron trotro, motar hayar da zan shiga, ya gaji da kirana suka tafi.

Ka tuna safiyar Lahadi? Kai kake sayo mana koko da ƙosai, ka hau keken ɗinki, rediyo na zuba labarin ƙwallo, kana haɗa mini rigar Sallah. In na cika motsi wajen gwaji sai ka ce, "Memuna, tsaya cak, allurata ba ta san ƙanwa ba."

Ƙwallon nan ce ta koma caca cikin waya. Abokinka na unguwar Krofrom ya saka maka VPN, abin nan da ke sa waya ta nuna kamar tana wata ƙasa, ya ce gidan cacar Turai ya fi na nan biya. Ranar da ka ci, da kaza ka shigo gida, kana ce wa mahaifiyarmu Mma ta gama sayar da waakye, shinkafa da waken nan, a cikin rana.

Da ka zo cire kuɗin, sai suka ce ka turo shaidar cewa kana zaune a ƙasar da wayarka ta nuna. Kai kuwa katin shaidar ɗan Ghana kaɗai gare ka. Suka rufe asusun da duk abin da ke ciki, har da kuɗin yadin biki da wasu mutane suka ba ka.

Ni na raka ka wurin lauya. Ya ce kamfanin ba shi da lasisi a Ghana, babu hukumar da za ta riƙe shi a nan, kuma kai ka karya sharaɗinsu da ka ɓoye inda kake. Masu biki suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Ka sayar da keken ka sallame su, ka hau motar arewa ko sallama babu.

Yaya, wallahi mutanen unguwarmu ta zango sun daina maganar. Mu ba kuɗi muka rasa ba, kai muka rasa.

Idon Mma ya fara yana. In wani ya yi sallama a ƙofa, sai ta matso kusa da fuskarsa ta duba. Ta ce in gaya maka ta yafe, ka zo tun tana iya gane ka.

Allah ya raba ka da caca, ya ba ka halal mai albarka, ya sanyaya zuciyarka ka dawo mana. Amin.

Taka ƙanwa,
Memuna