An Sare Babba, Saura Biyu

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki, na san takardar nan ba mai kai miki ita. A bayan littafin lissafina nake rubuta ta, kuma a nan za ta zauna. Amma wata bakwai ke nan bakina cike da magana, ke kuwa kin san ni, na fi iya magana da biro.

Muna lafiya. Baba yana nan da ciwon gwiwarsa. Akuyarki ta haifi biyu. Ruwan rijiya ya ja baya, sai da aka ƙara wa guga igiya.

Inna, an sare Babba.

Na daɗe ina kallon layin nan kafin in ci gaba. Ɗorawarki uku da ke gonar gidan su Malam Lawali, a hanyar Furfuri, waɗanda kika raɗa wa suna kamar ɗiya: Babba, Karkatacciya da Auta. Yanzu biyu ne. Tunda daji ya daina shiguwa saboda 'yan bindiga, masu gawayi suka juyo kan itatuwan bakin gari, kullum sai an ga motarsu ta nufi Gusau da buhuna har sama. Malam Lawali ya gaji gonar bayan rasuwar mahaifinsa, ya ce inuwa tana hana gero yi, ya sayar musu da duka ukun. Da Babba suka fara, tana tsakiyar fure, da jajayen tuntayenta a jiki. Amyar zumar da ke reshenta ta fashe a ƙasa. Kwana biyu ƙudan suna yawo a wurin, sun rasa inda za su sauka. Fulanin da ke hutar da shanu a gindinta da rana sun zo sun tarar da kututture da toka.

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin tuna kina cewa ba ki da ɗiya mai son aiki kamata, don duk bazara ni ke roƙon a aike ni gadin ɗorawa? Ba gadi nake yi ba. Akwai kogo a jikin Karkatacciya, nan nake ɓoye littattafan soyayyar da nake arowa, a cikin leda. In na je sai in jingina in buɗe, yara su zo su kakkaɓe abin da suke so, ni ina can wani gida mai bene tare da mutanen da babu su. Da kika ce bana ɗorawa ta yi rowa, na yi shiru. Ko kin sani kika ƙyale ni? Wani lokaci ina ganin kin sani.

Wannan ƙarami ne. Ranar da masu gawayi suka zo duba itatuwan, ina wurin. Ina zaune a bayan Karkatacciya da littafi, alhali a gida an ɗauka ina Islamiyya. Na ji su da kunnena, na ga sun zagaya Babba da igiya suna awo. Na ja hijabi na rufe fuska, na bi ta cikin kara na gudu. Ban gaya wa Baba ba, don kada ya tambaye ni me ya kai ni can. Kwana uku ina riƙe da maganar, ran na huɗu na ji kukan inji tun daga tsakar gida.

A littattafan nan, in yarinya ta yi kuka sai wani ya tsaya da mota ya gyara komai. Na yi kukan, Inna, ba wanda ya tsaya. Sai na wanke fuska na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa duka, har da kogon. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki sandarsa ya tafi wurin mai gari, aka dakatar da saran sauran biyun har a zauna.

Matsalar ita ce Malam Lawali ya ce a kawo takarda. Kin sha ba ni labarin: da kakana, mahaifinki, ya sayar wa mahaifin Malam Lawali da gonar, a gaban shaidu ya ce ƙasa ya sayar ban da itace, ɗorawa ta ɗiyarsa ce. Haka ake yi a garin nan tun da, gona ta wani, itace na wani, ba mai jin komai. To shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya, ke ma kin bi su. Baba ya dawo jiki a sanyaye, ya ce mu bar wa Allah.

Ina wanke-wanke na ci karo da kwanon nan mai murfi, mai zanen fure shuɗi. Wa ke ɗaukarsa duk shekara? Ni. Tun ina ƙarama, in kin yi daddawar fari sai ki cika shi ki ce in kai wa Hajiya Kulu, mahaifiyar Malam Lawali, in ce ga gaisuwar itace, an gode da riƙon amana. Ita kuma ta juye, ta zuba gero ta mayar. Sai na tsaya da kwanon a hannu ina tunani: wa ake yi wa godiyar riƙon amana a kan abin da yake nasa?

Akwai sauran kalwarki ta bara a ƙaramar randa, ba wanda ya iya taɓa ta. Na ɗebo. Na wuni ina dafawa, hayaƙi ya cika min ido, na surfa, na wanke, na sake dafawa, na rufe a kwando kamar yadda nake ganin kina yi ta gefen littafi. Na yi nadamar duk ranar da kika ce in matso in gani na ce ina zuwa.

Jiya na kai. Na yi sallama daga zaure, na shiga na gaishe ta. Na ajiye kwanon na faɗi kalmominki, ban canza ko ɗaya ba. Hajiya ta buɗe, ta shinshina, ta gutsira ta ɗanɗana. Ta ce wannan daddawar ta 'yan boko ce, na yi gaggawar buɗe ta, da kin gani da kin kore ni daga madafa. Sai ta daɗe tana kallon murfin. Malam Lawali yana tsakar gida yana gyaran babur, yana jin mu. Ta kira jikanyarta ta ce a juye, a cika kwanon da gero kamar kullum.

Ban san abin da za ta faɗa a gaban mutane ba, Malam Lawali ɗanta ne. Kuma gaskiya gero ba ya yi sosai a inuwa, na gani da idona. Amma gero na damina ɗaya ne, Auta kuwa ta girmi Baba.

Ranar Asabar da hantsi za a zauna a ƙofar mai gari. Baba ya ce ba sai na je ba, ya san ko a aji ba na ɗaga hannu. Zan je. Zan tafi da kwanon da geronsa a ciki, ban taɓa ko tsaba ɗaya ba. Zan faɗi shekarun da na yi ina kai shi, da abin da kike cewa in faɗa. In murya ta ƙi fita zan jira ta, in sake. Na riga na yi shiru sau ɗaya, na ga abin da ya ci.

Na kwashe littattafan daga kogon, na mayar wa masu su, sai guda ɗaya da ban ƙarasa ba. Kada ki ce na shiryu gaba ɗaya. Kalwar da ta rage na jiƙa kaɗan na shuka a leda a bayan ɗakinki, inda akuya ba ta kaiwa. Na san ko sun fito sai na tsufa kafin su kai Babba. Ba komai, ke ma ba ke kika shuka naki ba.

Ki yafe min, Inna. Allah ya jiƙanki da rahama, ya sa kina inuwar da ba mai sarewa. Sai mun zo.

Taki har kullum,
Hafsatu, mai gadin ɗorawa, na gaske wannan karon.