Tafarnuwar da Ya Bar Mini

Litinin, 2 ga Yuni

Masu gaisuwa sun ragu. Auta ta mayar wa maƙwabta kujerunsu. Ita ta sayo mini wannan littafi, wai in riƙa rubuta abin da ba na iya faɗa mata. Ni da rabona da dogon rubutu tun aji shida.

Abin da na kasa ganewa ke nan: ni ce marar lafiyar. Ni likita ta ce kitse ya yi wa jini yawa, kolestarol suke kiransa. Ni ke da kati a asibiti, ni ke haki a matakalar bene. Maigida ko ciwon kai bai cika yi ba. Sai ga shi zuciyarsa ce ta tsaya, a shago, yana cikin gyaran keken ɗinkin wata mata.

Laraba, 4 ga Yuni

Kwalbar tana kan kantar kicin, inda ya ajiye ta. Tafarnuwa cikin zuma. Tun shekarar da aka gano ciwona yake haɗa mini ita. Sai ya zauna a baranda da ƙaramar wuƙarsa, ya ɓare kowace ƙwaya tas kamar mai gyaran agogo, ya zuba zuma har ta rufe su, ya jira ta tsumu. Kullum da safe ga ƙwayar asibiti, ga ƙwayar tafarnuwa, ga ruwa, ga shi tsaye a kaina sai na haɗiye. In na ɓata fuska ya ce, "Marar lafiyata, haɗiye ki ƙyale ni, ina da kekuna suna jirana."

Wannan ita ce ta ƙarshe. Ana gobe zai rasu ya haɗa ta.

Asabar, 7 ga Yuni

Ban sha magani ba. Jiya ma haka. Babu wanda ya miƙo.

Talata, 10 ga Yuni

Da na shiga kicin na tarar zuma ta tsiyayo daga bakin murfin, ta bi kanta, kiyashi sun yi layi. Na manta ana buɗe ta kullum iska ta fita. Shi yake yi. Da na murɗa murfin sai ta yi fuuu, kumfa ya taso, warin nan ya cika ɗakin. Warin Maigida ne sak, tafarnuwa da man keke, wanda na shekara nawa ina mita a kai. Na zauna a ƙasa riƙe da tsumma, na rasa lokacin da na tashi.

Na goge, na rufe, na mayar da ita. Ba zan ci ba. Idan ta ƙare, me ya rage mini daga hannunsa?

Alhamis, 12 ga Yuni

Yaya ta zo da shawarwarinta. Wai in koma gidanta, wai in sayar da kayan shagon tun ba su yi tsatsa ba. Ta ga kwalbar ta ce, "Wannan tsirfar tasa ai ba ta hana shi tafiya ba." Na ce ai ba shi yake ci ba. Bai taɓa cin ko ɗaya ba, cewa yake ta masu kati ce.

Sau nawa na ce masa, tunda ka kawo ni awo, miƙa hannunka kai ma su ɗiba. Sai ya yi dariya ya ce ciwo ɗaya ya ishi gida ɗaya.

Lahadi, 15 ga Yuni

Matashinsa ya fara daina wari.

Juma'a, 20 ga Yuni

Yau a tsakiyar matakala ƙirjina ya ɗaure kamar an ɗora mini dutse. Na zauna a wurin da bokitin shanya a cinyata. Gaskiya ban ji tsoro ba. Na ce a raina, to, ko shi ke nan? Har wani sanyi na ji. Can ya sake ni. Matar telan ƙasa ta same ni zaune, na ce mata hutawa nake.

Kada Auta ta ga wannan shafin.

Litinin, 23 ga Yuni

Ba ta buƙaci shafin ba. Matar tela ta kira ta a waya.

Daga aiki ta wuto nan, ko takalmi ba ta cire ba, ta buɗe durowar gefen gado ta zaro kwalin maganin. Cike yake. Ban taɓa ganin yarinyar nan haka ba.

"Mama, tun yaushe?"

Na ce mantuwa ce.

"Ba ki manta buɗe kwalba kullum ba ai. Ita kina lallaɓa ta, kanki kuma kin yar."

Na ce ta rage murya, bango na da kunne. Ta ce bari su ji. Ta ce mutumin nan ya ƙarar da shekarunsa yana ɓare tafarnuwa, yatsunsa duk sun ƙone, don in daɗe, ni kuma sauri nake in bi shi. Daga nan ta ce, "Ni fa? Ni ba kowa ba ce?" Sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kada in ji. Na ji.

Na sha ƙwayar a gabanta. Don ta yi shiru ne kawai.

Laraba, 25 ga Yuni

Ta kai ni asibiti. Likitar ta duba sakamakon awo ta cire tabarau. Kitsen ya hau, jinin ma ya hau. Ta yi mini gaisuwa, ta ce ta tuna shi, mutumin da yake zuwa da tambayoyi fiye da marar lafiyar.

Na tambaye ta tafarnuwar nan, gaskiya tana yi ko dai wahalar banza ya sha. Ta ce tana iya ɗan taimakawa, ba ta ce a'a ba, amma ba ta maye gurbin magani, kuma in kula da yawan zumar. Sai ta ce, "Baba, abin da na sani shi ne, duk shekarun nan ba ki taɓa tsallake magani ba. Ba tafarnuwa ce ta yi wannan ba."

Kafin mu fito na ce a ɗibi jinin Auta ita ma. Ta fara cewa ai lafiyarta lau. Na harare ta. Ta naɗe hannun riga.

Asabar, 28 ga Yuni

Na ci ɗaya. Ta yi laushi, ta yi duhu, yajin ya kwanta. A cikin duk waɗanda ya taɓa yi ba a yi mai daɗinta ba, kuma bai sani ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Kwalbar ta kai rabi. Ina kallonta tana sauka, raina na sauka tare da ita.

Na bi ta kasuwa sayen sabulu, sai mai tafarnuwar bakin ƙofa ya kira ni. "Baba, ina mai tsirfar nan? Na ware masa manya har sun fara bushewa." Ashe bai ji ba. Dole na faɗa da bakina, a tsakiyar mutane. Ya cire hula ya riƙe. Ya ce Maigida yakan latsa kowane kai ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da rabi, in ya yi masa magana sai ya ce, "Bar ni in zaɓa, ta gwamnati ce." Wai ni ce gwamnatin. Na yi dariya, daga nan kuka ya ƙwace mini a gaban buhunan albasa.

Ya ɗaure mini su a leda. Na ce ban iya haɗawa ba. Ya ce a ajiye dai.

Talata, 8 ga Yuli

Sakamakon Auta ya fito, nata ma ya ɗan hau. Likita ta ce ba magani tukuna, ta rage maiƙo ta riƙa tafiya da ƙafa. Tana gaya mini a waya tana tauna wani abu. Na ce me kike ci? Ta ce ba komai. Halin ubanta, har dariyar.

Ledar nan na ga za ta lalace a banza, shi ya sa na zauna da ita. Ashe aiki ne. Ɓawon yana manne wa mutum a yatsa, ƙarƙashin farce kamar an sa wuta, rabi duk na fasa su. Da yana nan da ya ƙwace wuƙar. Kwalba biyu na yi, don tafarnuwar ta yi yawa. Ɗaya ta yarinyar nan ce, amma ba zan ba ta ta tafi da ita ba, ta zo nan ta ci in gani da idona.

Maganin safe na sha. Don dai ruwan yana kusa da ni ne.

Sai an yi wata guda kafin su tsumu. Ina nan dai.